Ranar da Habila Mai Tsire Ya Yi Yanka

Shekara ashirin da huɗu na yi ina duba nama a kwata, wasu a Anka, wasu a Bukkuyum, na ƙarasa a Gummi. Aikin ba ya jawo wa mutum farin jini. Kai ne za ka tsaya da sassafe ka ɗaga hantar saniya ka ce a binne ta, mai ita yana hararka har ka bar wurin. Saboda haka mahautan da na yi abota da su ba su da yawa. Wanda zan ba da labarinsa ma wasu cewa suke ba cikakken mahauci ba ne, tunda har ya haura shekara arba'in da biyar bai taɓa sa wa ko da kaza wuƙa a wuya ba.

Sunansa Habila. Mahaifinsa daga wajen Zuru ya zo Gummi aikin gini, gari ya karɓe shi, ya zauna. A nan aka haifi Habila, kuma in ba an gaya maka Kirista ne ba, ba za ka gane daga bakinsa ba. Fawa a wurinmu gado ce, ba a faɗa mata haka kawai. Shi ta ƙofar maƙwabtaka ya shiga. Katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan mahauta, kuma ɗan gidan, Dalhatu, sa'ansa ne. Da gini ya gagari Habila, don jiri yake ji da zarar ya hau tsani, sai baban Dalhatu ya koya masa gashi, ya kafa masa sharaɗi guda: duk naman da zai sayar, Musulmi ne zai yanka shi, a kwata, a idon jama'a. Habila ya riƙe wannan sharaɗi fiye da shekara ashirin. Kullum da safe Dalhatu ya yanka, ni in duba, Habila ya saɓi cinya da tozo ya wuce. Duk garin an san haka, shi ya sa limami ma kan aika a sayo masa.

Tukubarsa tana bakin tasha, gindin wata darbejiya. Lokacin da kowa ya koma gashi a kan waya, shi ya ƙi. Tudun toka ne da wuta a tsakiya, ya kakkafa tsinkaye kewaye da ita, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari harshen wuta ya lashi nama. Matarsa Asabe ce ke yi masa ƙuli-ƙuli, shi ya daka da citta da masoro da kimba kaɗan, ya tankaɗe sau biyu. Yakan hura wuta bayan la'asar, kafin magariba ya kaɗe tabarma. Na tsani masu tsiren da ke lulluɓe naman jiya da barkono, na kuma sha yin faɗa da su. Habila bai taɓa ba ni wannan aikin ba.

“Likita,” in ji shi, don haka mahauta ke kirana, “in ka ji yaji ya yi yawa, wani abu aka ɓoyewa.”

Akwai al'adar da gidansu ya riƙe tun zamanin mahaifinsa. Jajiberin Kirsimeti, sai a ɗaure akuya a tsakar gida a kira mahaucin maƙwabta ya yanka, a da baban Dalhatu, daga baya Dalhatu. Dalili kuwa a fili yake: don maƙwabta su iya ci. Habila ya gasa, tsohuwarsa Inna Rifkatu ta rarraba a kwano tara, gida tara, har da nawa. Ba a mayar da kwanon haka nan, sai an zuba gyaɗa ko 'yar shinkafa. In layya ta zo kuwa, rabin unguwar a wurinsa ake gashi. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka tarar ana yi.

A shekarar 2010 Habila ya bi sahun masu zuwa cin kasuwar zinariya a ƙasar Anka. Ya kafa tukuba a Dareta yana sayar wa masu haƙo da masu niƙa dutse. Yana can gubar dalma ta shiga kashe yara. Nasa iyalin suna Gummi, babu abin da ya taɓa su, amma ya dawo a rame, magana ma sai an ja shi. Sai bayan watanni ya gaya mini abin da ke cinsa. Wata yarinya a gidan da ya sauka ta kama jijjiga, ya koma ɗaki ya durƙusa zai yi mata addu'a.

“Nib buɗe baki, Likita, babu komi ciki. Sai abin da Baba ka hwaɗi in za a ci tuwo. Ashe ni ban da addini, na Baba na nika riƙo.”

Na ce masa kowa da na ubansa yake farawa. Ya ce ya sani, amma shi ya haura arba'in yana farawa.

Daga nan ya shiga nema. Cocin mahaifinsa, wata tsohuwar majami'a mai rufin kwano, bai bar ta da faɗa ba. Cewa ya yi dattawan wurin mutanen kirki ne, amma ya shekara talatin yana jin gardamar wanda zai zauna a bencin gaba. Asabe ta ce ita tana nan daram, da zumuntar matansu da waƙoƙinta, in ya gama yawonsa ya same ta. Ya gwada wani sabon coci a Anka, mai lasifika huɗu da fasto mai farin takalmi, inda ake yi wa kowa albishir da mota kafin shekara ta zagayo. Lahadi shida ya yi ya daina. Da na tsokane shi na ce ina motar, sai ya ce, “Yaji ya yi yawa.”

Inda ya tsaya shi ne wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, wurin wani mai bishara da ake kira Irmiya. Mutum goma sha biyu ne ko sha uku ke taruwa a zauren ciyawa. Irmiya gyaran keke yake yi a ranakun mako, yana noma abin da zai ci. Na taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya, na je da shirin in ƙi shi, abin bai yiwu ba. Siriri ne, mai sanyin murya, yana sauraro fiye da yadda yake magana. Shi ya zaunar da Habila ya koya masa karanta littafinsu da kansa, da Hausa, yana bin layi da yatsa. Shekara uku Habila na hawa babur duk Lahadi ya tafi ya dawo. Gaskiya na ga canji a tare da shi. Ya rage saurin fushi, ya fara dariya kamar da.

Ana saura wata guda Kirsimetin 2014, hira ta kawo su kan akuya, Habila ya ba da labarin al'adar gidansu yana alfahari. Irmiya bai hana shi ba, bai ce zunubi ne ba. Tambaya kawai ya yi.

“Ranar haihuwar Ubangijinka, dabbarka, cikin gidanka, sai ka ari bakin wani shi kira sunan Allah bisa kanta. To, ba laihi. Amma don zumunci kaka yi, ko don tsoro?”

Da wani ne, da ya kaɗe rigarsa ya manta kafin ya iso gida. Habila kuwa ya yi mako biyu yana juya tambayar. Mutum ne da in ya yi zargin nama, sai ya tsaga ya ga cikinsa. Ya yanke shawara zai yanka akuyar bana da hannunsa, sau ɗaya, a ci a gida da coci, kada a kai wa kowa. Yana son ya ga ko zai iya.

A gabana ya gaya wa Dalhatu, a kwata, ana wanke jini. Dalhatu ya daɗe yana goge wuƙa a gefen wandonsa.

“Na yi maka wani laihi?”

“Ko ɗaya. Tsakanina da kaina na.”

“To, ka san abin da ag garin ga. Kak ka bari kowa shi ji.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma ka wasa wuƙa da kyau, kak ka wahal da dabba.”

Ni ban sa baki ba. A ganina mutum da akuyarsa, ba ruwan kowa. Ban kuma sake tunawa da maganar ba, don mako biyu ne suka shiga tsakani, kuma a zatona zai fasa.

Bai fasa ba. Ranar jajibere da la'asar ya ja akuyar bayan ɗaki, Asabe ta riƙe masa ƙafafu. Ya ga an yanka dabbobi dubbai, amma ya ce sai da ya ajiye wuƙar ya sake ɗauka. Ya yi addu'a da kalmomin da suka zo masa, ya yanka. Daga baya ya gaya mini wannan ce addu'a ta farko da ya ji daga cikinsa ta fito. Ban ga dalilin ƙaryata shi ba.

Kuskuren da suka yi guda ne: ba su gaya wa Inna Rifkatu ba. Tsohuwar ta haura saba'in, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta hana ta zuwa coci, amma baki yana nan da ƙarfinsa, kuma sun san in ta ji an taɓa al'adar mijinta ba za a yi Kirsimeti lafiya ba. Da safe Habila ya gasa naman, ya ɗaure rabi a bayan babur ya nufi wurin Irmiya. Asabe ta rufe sauran a babbar roba ta tafi nata cocin. Inna ta fito ta tarar da nama a rufe, babu wanda ya jera kwanuka. Ta yi ta mita ita kaɗai a kan lalacin matan zamani da ƙanƙantar akuyar bana. Ta ɗauko kwano tara ta raba daidai, ta dogara sanda ta kai na kusa da kanta, na nesa ta ba Sa'a mai ƙosai ta miƙa mata.

Da azahar Habila ya dawo ya ga roba wayam, Inna na zaune tana jiran a yaba mata. Ya fito, sai ga Dalhatu a lungu yana tahowa da kwanon gidansa a rufe, ba a taɓa ba.

“Koma ciki,” in ji Dalhatu. “Waɗanda sunka ci, bisa rashin sani sunka ci, babu komi kansu. Ni da kai da Likita munka sani. Ba ni yin ƙarya, amma babu mai tambaya ta.”

“Akwai waɗanda ba su ci ba tukun.”

“Habila, in ka buɗe baki, tukubarka ta mutu. Ka ji na hwaɗa maka.”

“Na sani. Amma sun amshi kwanon ga don sun yarda da ni.”

Daga baya Dalhatu ya ce mini ya riƙe masa hannun riga, shi kuma ya zame a hankali ya wuce. Gida takwas suka rage, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, da sabuwar shaddarsa ta Kirsimeti. A kowace ƙofa ya yi sallama, a kira maigida, ya faɗi magana guda. Wani ya juya ya koma ciki. Wani ya fito masa da kwanon ya dire a ƙasa. A wani gidan matar ta riga ta zuba naman a miya, aka kwashe tukunyar gaba ɗaya aka kai bayan gida.

Gidana ne na shida. Ina zaure ina sakace lokacin da ya tsaya a ƙofa. Da na ga kwano da safe, ɗauka na yi ya fasa ya kira Dalhatu, ban tambaya ba.

“Likita, kun ci?”

“Mun ci. Na bana ya hi na bara.”

“Ni niy yanka ta.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, rabin haushin na kaina ne, don ban da Dalhatu, ni kaɗai a cikin mutanen nan aka gaya wa tun da wuri. Amma a kansa na sauke. Na ce masa ya je ya nemi addininsa duk inda ya ga dama, ban da cikin tukunyar iyalina. Ya tsaya ya saurara har na gama, ya ce in yi haƙuri, ya nufi gida na bakwai. Da yamma matata Mardiyya ta wanke kwanon ta aika da shi, babu ko ƙwayar gyaɗa a ciki.

Gida na ƙarshe na Malam Khalilu ne, malamin unguwarmu, wanda kakanninsa ma karatu suka yi. Shi ne ya ce Habila ya zauna, ya sa aka kawo masa ruwa. Ya tambaye shi ko ya ambaci sunan Allah, ko jini ya zuba sosai. Ya ce waɗanda suka ci ba su da laifi, kuma a abin da shi ya karanta yankan Ahlul Kitabi ba haramun ba ne, ko da yake akwai malaman da suke ganin a bar shi ya fi. Bai tsaya nan ba, ya maimaita maganar a ƙofar masallaci bayan la'asar. Jama'a suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya ƙara wa Malam sani. Washegari suka wuce tukubar Habila suka sayi tsire a gaba.

Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya zage shi a fili. Sarkin Fawa ma cewa ya yi ba a karya sharaɗi ba, tunda ba na sayarwa ba ne. Amma magana ta riga ta fita: Habila ya fara yanka. Kafin mako ya zagayo ta zama kullum yana yanka a bayan ɗaki yana haɗawa da na kwata. Wannan ƙarya ce, kuma ni ne shaida, don kowace safiya Dalhatu ke yanka masa ina tsaye. Bayan fushina ya huce na faɗi haka a tasha da kasuwa har na gaji. Sai a ce, “Haka ne, Likita, amma zuciya ba ta kwanta ba.” Mutanenmu suna da wannan hali, kuma yana ba ni haushi: sun yarda ba ka yi ba, amma ba za su ci ba.

Daga cinya biyu ya koma ɗaya, daga ɗaya ya koma rabi. Da yake ba ya sayar da kwantai, abin da ya rage gida yake kaiwa, har Asabe ta ce ta gaji da ganin tsire. Irmiya ya zo a kan kekensa ya zauna gindin darbejiyar yini guda, ya ga yadda ake wucewa. Ya ce da ya san tsadar tambayar da ya yi tunani kafin ya yi ta. Habila ya ce masa tambaya ba ta yi laifi ba. Da layya ta zo, mutum biyu ne suka kawo masa gashi, Dalhatu da Malam Khalilu. Kirsimetin da ya biyo baya ba a ɗaure akuya a gidan ba. Inna Rifkatu ta rasu a shekarar 2016, har ta koma ga Allah tana ganin laifinta ne, duk da an sha gaya mata ba haka ba ne. Bayan an share makoki Habila ya kwashe iyalinsa ya koma Anka.

A shekarar 2018 na je Anka ta'aziyya. Hanya ta lalace da 'yan bindiga a lokacin, ba a tafiya sai dole, don haka na ce tunda na zo bari in neme shi. Na same shi a bayan wani coci, ya gina 'yar tukuba, yana sayar wa ma'aikata baƙi da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Ba su da yawa. Yanzu shi ke yanka abinsa, ƙaramar akuya duk bayan kwana biyu. Ya yi furfura, amma hannun yana nan yadda na san shi. Ya share mini benci, muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa.

Na tambaye shi ko ya samo amsar tambayar Irmiya, zumunci ne ko tsoro.

“Dut biyun na,” in ji shi. “Sun haɗe, ba su rabuwa.”

“To, abin da kaka nema hwa? Ka same shi?”

Ya juya tsinke biyu kafin ya amsa. “Ran nan da nika bin gidajenku, ƙahwata ba ta son tahiya. Wajen gida na huɗu sai nij ji ba ni ɗai ka tahiya ba. Ban san yadda za ni hwaɗa maka ba. Bai sake zo mini da ƙarhi haka ba, amma na san na ji.”

Wannan ba fannina ba ne. Muna cikin hira hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya zaro tsinke uku daga gefen da wuta ta fi daidai, na tozo, irin wanda nake so, ya zare naman a takarda, ya yanka albasa, ya barbaɗa yaji kaɗan. Ya miƙo har rabi, sai ya tsaya. Ya ajiye takardar a kan benci tsakaninmu.

“Ni niy yanka, Likita.”

Bai janye ba, bai kuma matso da ita ba. Naman lafiyayye ne, ko daga nesa na gani. Na san hukuncin, da kunnena na ji shi daga bakin Malam Khalilu, kuma babu wanda ya san ni a wannan lungun. Sai na shiga ba shi labarin hanya, da inda aka tare motoci makon jiya, da yadda direbobi ke bi ta wani ƙauye. Na yi ta magana, yana saurara, har kitsen ya fara daskarewa a kan takardar. Can ya miƙa hannu ya ɗauke ta ya mayar gefen wuta, ya tambaye ni lafiyar Dalhatu.

Na ce yana nan lafiya, yana gaishe shi, ko da yake Dalhatu bai san zan zo ba. Har yau in na tuna zaman nan kunya nake ji, kuma ban tabbata in an sake ajiye mini zan ci ba.